Na yi sharhin wasan da ban gama ba, yanzu masu karatu sun ce an saye ni

Assalamu alaikum Kawu, barka da aiki. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina zaune a Kano. Shekara biyu ke nan ina rubuta wa wani shafin intanet na ƙasar waje sharhin wasannin bidiyo da Turanci, ana biyana dala 60 a kan kowane sharhi. Ina kuma da 'yar tasha a YouTube inda nake bayanin wasanni da Hausa. A watan jiya aka turo mini wani babban wasa saura kwana 5 ya fita kasuwa, edita ya ce lallai sharhi da maki su iso kafin ranar. Saukar da wasan kaɗai ta ci mini kwana ɗaya da rabi, wuta kuma kun san halinta, sai janareto. Awa 18 na samu na buga a wasan da ke cin awa 60, amma na rubuta kamar na kai ƙarshe, na ba shi 9 cikin 10. Da mutane suka saya, ashe rabinsa na ƙarshe cike yake da matsala, yana tsayawa cak, labarin ma ya watse. Masu karatu suka yi mini ca, wasu na cewa an saye ni, wasu na cewa ban ma iya wasa ba. Wallahi ko sisi ban karɓa daga kamfanin ba. Ana cikin haka wani kamfanin wasan waya ya yi mini tayin kuɗin da ya ninka abin da nake samu a sharhi sau biyar, in yabi wasansu a tashata, da sharaɗin kada in ce talla ce. Wasan irin wanda ake sayen akwatin sa'a a ciki ne, wato ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito maka ba. Zuciyata na raya mini cewa tunda an riga an ce an saye ni, gara in ci kuɗin. Hajiyata kuma kullum faɗa take in nemi aikin yi in bar wasan yara. Barci ya ƙaurace mini. In fito in faɗi gaskiya, in yi shiru, ko in bar harkar gaba ɗaya?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yaye maka wannan damuwa.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne ka haɗa abubuwa biyu wuri guda kana ɗauke da su a ka: abin da aka yi maka, da abin da kai ka yi. Sai an raba su kafin ka samu barci.

An yi maka ba daidai ba, wannan babu ja. Ka yi lissafin da kanka. Da ka buga wasan nan har ƙarshe, awa 60 a kan dala 60, dala ɗaya ke nan a awa, kafin a cire kuɗin data da man janareto, kafin a sa awannin da za ka zauna kana rubutu kana gyara. Sannan aka ba ka kwana 5, wanda ko mutumin da ke Landan da wutarsa da intanet ɗinsa mai gudu sai ya yi awa 12 kullum a gaban allo kafin ya kai. Kai kuwa kwana ɗaya da rabi sun tafi a saukarwa. Aikin da aka ɗora maka ba mai yiwuwa ba ne tun farko, kuma ina so ka san ba kai kaɗai ake yi wa haka ba. Haka harkar take tafiya har a manyan gidaje na Amurka da Ingila.

Yadda abin yake, kamfanin da ya yi wasa shi ke da ikon turo kwafi kafin ranar fitowa, shi ke zaɓar wanda zai ba, shi ke sa ranar da awar da aka yarda a fara magana. Duk gidan da sharhinsa bai fito a wannan awa ba ya yi asarar masu karatu, domin a ranar ce kowa ke bincike yana neman sanin ko ya saya ko ya fasa. Wannan ne ya sa editanka ya matsa maka, shi ma akwai mai matsa masa. Kamfanoni kuma sun san amfanin wannan igiya da ke hannunsu. A watan Nuwamba na 2014 kamfanin Ubisoft ya hana a wallafa sharhin Assassin's Creed Unity sai da wasan ya yi kusan awa 12 a kasuwa, mutane suka saya a makance suka tarar da shi cike da kurakurai. A 2016 kamfanin Bethesda ya fito fili ya ce daga lokacin kwana ɗaya tak kafin fitowa zai riƙa tura wa masu sharhi wasanninsa. Tun kafin nan, a 2015, editan shafin Kotaku ya rubuta cewa waɗannan kamfanoni biyu sun daina tura musu wasa sun daina amsa musu tambaya, saboda labaran da suka fitar waɗanda ba su yi wa kamfanonin daɗi ba.

Wanda ya fi kama da naka shi ne abin da ya faru da Cyberpunk 2077 a watan Disamba na 2020. Kamfanin CD Projekt ya ba masu sharhi kwafin kwamfuta kawai, bai ba su na PlayStation 4 da Xbox One ba, ya kuma hana su nuna bidiyon da suka ɗauka da kansu kafin fitowa, sai wanda shi ya ba su. Makin da aka fara bayarwa ya yi sama sosai. Da wasan ya fita ranar 10 ga wata, masu tsofaffin na'urori suka ga abin da ba ya buguwa, har Sony, mai PlayStation, ta cire shi daga shagonta bayan kimanin mako guda, bai koma ba sai watan Yuni na 2021. Mutane suka ji an yaudare su, kuma fushin bai tsaya a kan kamfanin kaɗai ba, ya shafi duk wanda ya ba da maki. Amma ka lura da wani abu a nan, domin shi ne zuciyar maganata. A cikin masu sharhin, waɗanda suka rubuta ƙarara cewa a kwamfuta kawai muka buga, ba a ba mu na PlayStation ba, ku dakata, sun fita da mutuncinsu. An takura su kamar yadda aka takura kowa, sai dai ba su ɓoye wa mai karatu takurar ba.

To nan ne muka zo kan naka laifin, kuma ba zan rufe ka ba. Buga awa 18 ba laifi ba ne. Abin da ka iya ke nan. Laifin shi ne ka rubuta kamar ka kai ƙarshe. Ka san hadisin nan da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wajen mai sayar da abinci ya sa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Amsar da aka ba shi ita ce, me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ba a zarge shi don ruwa ya dake shi ba, ruwa ba shi ya saukar ba. An zarge shi don ya ɓoye. Ɗauke wuta da ƙarancin kwanaki su ne ruwan da ya dake ka, ɗana. Jimla ɗaya ce ta rage ka sa a sama, ba ka sa ba, kuma akwai mutumin da ya cire kuɗinsa ya sayi wasan nan saboda 9 ɗin da ka rubuta.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce ka faɗa. Amma ka bi ta ƙofa. Kafin ka rubuta komai a fili, ka aika wa editanka saƙo ka gaya masa awa nawa ka buga da dalili, ka nemi a sa gyara a saman sharhin, a janye makin ko a sauya shi bayan ka gama wasan. Ka gama shi kuwa, ko da babu mai biyanka waɗannan awannin, domin bashi ne a kanka. Gyaran kada ya yi tsawo, kada ya zama kuka. Ka ce awa kaza na buga kafin na rubuta, ban bayyana haka ba, kuskurena ne, ga abin da na gani bayan na kammala. Kada ka sa labarin janareto a gaba, masu karatu za su ɗauke shi hanzari. In edita ya yarda, ka san kana aiki da mutanen kirki. In ya ce a bar maganar, to ka faɗi iya abin da ya shafe ka a shafinka ba tare da ka ci zarafin gidan ba, ka kuma fara neman wani wurin. Ba zan ɓoye maka ba, yana yiwuwa ka rasa aikin a kan wannan. Na auna, na ga rasa dala 60 ya fi sauƙi a kan wani ya gano da kansa, domin na'urorin nan suna nuna awannin da mutum ya buga da kofunan da ya ci, kuma akwai masu zaman bin diddigi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Nan gaba kuma, tun ranar da aka turo maka wasa ka yi ciniki. Ka ce a kwanakin nan awa kaza zan iya, zan ba ku sharhin wucin gadi babu maki, cikakken ya biyo baya. Ba sabon abu ba ne, manyan shafukan sharhin wasanni irin su IGN da GameSpot suna yin haka idan wasa ya yi tsawo ko kwafi ya zo a makare. Babban wasa kuma ka nemi ƙarin kuɗi, ko ka bar wa wani ka ɗauki gajere. A ƙasan duk abin da ka rubuta ka saba da sa layi biyu: a kan wace na'ura ka buga, awa nawa, ka gama ko ba ka gama ba, wa ya ba ka kwafin.

Maganar an saye ka ta yi maka ciwo domin ba gaskiya ba ce, na fahimta. Sai dai zargin yana da asali, ba a kanka aka fara ba. A watan Nuwamba na 2007 shafin GameSpot ya kori Jeff Gerstmann, ɗaya daga cikin manyan editocinsa, jim kaɗan bayan ya ba wasan Kane & Lynch: Dead Men maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da tallan wasan ya mamaye shafin. Shekaru ya yi bai iya magana ba saboda yarjejeniya, sai a 2012 ya bayyana cewa shugabannin gidan na lokacin sun kasa jure barazanar masu talla ta janye kuɗinsu. Tun daga nan duk wanda ya ga maki mai yawa sai ya tuna. Shi makin kansa ya zama kuɗi. Kamfanin Obsidian da ya yi Fallout: New Vegas a 2010 ya rasa ƙarin ladan da aka yi masa alkawari saboda jimillar makinsa a shafin Metacritic ta tsaya a 84, alhali 85 aka gindaya. Maki ɗaya. Ka ga lambar da kake rubutawa a ɗakinka da fitilar caji tana iya taɓa albashin wasu, tana kuma taɓa aljihun mai saye. Wannan nauyin na cikin abin da ya sa shafin sharhin wasanni na Eurogamer ya ajiye bayar da maki a 2015 na tsawon shekaru, shafin Polygon ma ya ajiye a 2018.

Masu cewa ba ka iya wasa ba, kada ka ɓata dare a kansu. Matar da ta yi wa GameSpot sharhin Cyberpunk ta ba shi 7 ta lissafa kurakuransa, aka yi mata rubdugu da zagi tun wasan bai fita ba, daga mutanen da ko taɓa shi ba su yi ba. Bayan kwana uku maganarta ta tabbata. In ka ba da da yawa a ce an saye ka, in ka ba da kaɗan a ce ba ka iya ba. Ka amsa wa wanda ya kawo hujja, shi yana da haƙƙi a kanka. Mai zagi ka toshe shi, ka kuma daina karanta martani bayan sallar isha.

Yanzu ga tayin kuɗin nan, wanda shi ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarka. Ka ce tunda an riga an ce an saye ka gara ka ci. Ɗana, yau in aka ce an saye ka kana iya rantsuwa da Allah, ka ma rantse a wasiƙarka. Ranar da ka karɓi kuɗin nan ka rasa wannan rantsuwar, kuma ita ce kaɗai ta rage maka a hannu.

Na yi shekaru a aikin jarida, na san ambulan da ake miƙawa bayan taron manema labarai a ce ga kuɗin mota. Ina sabon shiga na taɓa karɓa, domin albashinmu ya yi wata uku bai fito ba. Ba wanda ya ce in rubuta ƙarya. Amma bayan wata biyu labari mara daɗi ya taso a kan mutanen da suka ba ni, na zauna da biro a hannu na ji ya yi mini nauyi, na tausasa abin da bai kamata a tausasa ba. Har yau ina jin zafin wannan rana. In baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma kunyar ba ta tsayawa a kan labari ɗaya.

Talla kanta halal ce, kada ka fahimce ni a baibai. Mai tasha yana da damar karɓar kuɗi ya tallata kaya, kamar yadda gidan rediyo ke yi. Sharaɗin da suka sa maka na kada ka ce talla ce shi ne ɓarnar, domin abin da suke so su saya a wurinka shi ne yardar da masu kallonka suka yi maka, su sa ta a bakin kayansu ba da sanin masu ita ba. A Amurka hukumar kula da harkar kasuwanci, FTC, ta sha kama irin wannan. A 2016 ta tuhumi Warner Bros. da biyan masu tashoshin YouTube su yabi wasan Shadow of Mordor, da sharaɗin kada su nuna kurakuransa, bayanin cewa an biya kuma aka tura shi can ƙasan bidiyo inda ba kowa ke dubawa ba. An kalli bidiyoyin nan sama da sau miliyan 5 da rabi. A shekarar ce kuma aka bankaɗo wasu fitattun masu tasha biyu, Trevor Martin da Thomas Cassell, suna nuna kansu suna cin riba a wani shafin caca da kayan wasa mai suna CSGO Lotto, ba su gaya wa masu kallo cewa shafin nasu ba ne. Shekaru sun wuce, amma har yanzu in aka ambaci sunayensu wannan ake fara tunawa.

Sannan ka dubi kayan da ake so ka tallata. Akwatin sa'a shi ne ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito maka ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin wanda ake saye da kuɗi caca ne. Mu ba ma buƙatar Beljiyam ta gaya mana sunan abin. Su waye ke kallon tasharka ta Hausa? Ƙannenka ne, yaran da ke tara kuɗin tara su sayi data, waɗanda ba su da wani mai yi musu bayanin wasa da harshensu sai kai. Wannan tayin ka mayar musu, ko da sun janye sharaɗin. In wani kamfani ya zo da kaya mai tsabta, ka karɓa, ka faɗa da bakinka a farkon bidiyo cewa an biya ni, ka danna alamar da YouTube ta tanada don haka, kuma kada ka kira bidiyon sharhi, kada ka ba shi maki.

Saura Hajiya. Ta yi kuskure da ta kira shi wasan yara, amma tsoron da ke ranta yana kan hanya. Wannan sana'a ba ta da tabbas ko ga waɗanda suka yi suna a cikinta. A 2023 jaridar Washington Post ta rufe sashenta na wasanni, Launcher, kamfanin Vice ma ya rufe nasa sashen, Waypoint. A watan Agusta na 2024 kamfanin sayar da wasanni na GameStop ya rufe mujallarsa Game Informer bayan shekara 33, rana ɗaya ma'aikata suka wayi gari babu aiki, sai a 2025 wani kamfani ya saye ta ya dawo da ita. Abin da na lura da shi shi ne waɗanda suka miƙe bayan irin wannan faɗuwa su ne waɗanda masu karatu suka yarda da su har suka bi su. Gerstmann da abokansa sun kafa shafin Giant Bomb a 2008, mutane suka bi su. Wasu tsofaffin marubutan Kotaku sun kafa shafin Aftermath a 2023, mallakar ma'aikatansa, masu karatu ke biyan kuɗin wata suna riƙe da shi. Don haka ban ce ka bar harkar ba, na ce kada ka jingina cinka da shanka a kanta ita kaɗai. Wanda ya iya rubuta Turancin da gidan waje ke biya, ya iya haɗa bidiyo, ya iya Hausa, yana da abin sayarwa: fassara, gyaran rubutu, haɗa bidiyo ga 'yan kasuwa. Ka samu ɗaya da zai riƙe maka kuɗin mai da data, domin mai yunwa ne ake iya yi wa irin tayin da aka yi maka.

Ita kuma Hajiya ka daina yi mata gardama da baki. Ka zaunar da ita ka buɗe mata sharhi ɗaya mai ɗauke da sunanka, ka fassara mata, ka nuna mata shaidar kuɗin da ya shigo. Ka gaya mata labarin tayin da ka mayar da dalilin mayarwar, ka roƙe ta addu'a. Sai dai ka fara aika wa edita saƙon nan tukuna, yau in da hali, kafin zuciya ta sake kawo maka wata shawara. In ya amsa, ka rubuto mini in ji yadda kuka yi.

Kawunka.